Gonakin Shinkafar Longji da Manoman da ke Riƙe da Su

A gundumar Longsheng ta yankin Guangxi, kudancin ƙasar Sin, akwai tsaunukan da aka sassaƙa hawa-hawa aka mayar da su gonakin shinkafa, ana kiransu Longji. Tun zamanin daular Yuan, wadda ta yi mulki daga 1271 zuwa 1368, aka soma aikin, bai kuma kammala ba sai farkon daular Qing. Mutanen ƙauyen Ping'an da ke Longji 'yan ƙabilar Zhuang ne, ƙabilar da ta fi kowace ƙaramar ƙabila yawa a Sin. Ƙidayar 2020 ta nuna 'yan Zhuang sun haura miliyan 19. Mutanen ƙauyen Dazhai da ke maƙwabtaka da Ping'an kuwa 'yan Yao ne.

Baƙo kan ga kyan wurin ya ɗauka haka zai dawwama, alhali gumin kowace shekara ne ke riƙe da shi. Dajin da aka bari a ƙololuwar tsauni shi ke tsare ruwan sama yana sakinsa sannu a hankali, magudanu su gangaro da shi daga gona zuwa ta ƙasa da ita. Kowace gona na da kunyar laka da ke tare ruwa, kuma dole a riƙa gyara ta da hannu. Wanda ya yi sakaci da tasa, ta bushe ta tsage, to idan ruwa ya sauko zabtarewa za ta yi kan ta maƙwabcinsa. Gonakin sirara ne ƙwarai, tarakta ba ta da wurin juyawa, amfanin kuma sau ɗaya ake girbewa a shekara. Ba mamaki matasa suka fi son aikin masana'antu a lardin Guangdong.

Wasu na cewa masu yawon buɗe ido ne ke ɓata wurin, da otal-otal da cunkoso da ɗibar ruwan da ya kamata ya tafi gona. Da gaskiyarsu. Sai dai a kore baƙin a gani ko shinkafa kaɗai za ta tsayar da saurayi a ƙauye. Abin dubawa shi ne inda kuɗin ke zuwa. Ana ba ƙauyukan kaso daga kuɗin tikitin shiga wurin, kuma a 2018 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta sanya Longji cikin tsare-tsaren noma na gado masu muhimmanci a duniya, amma lambar yabo ba ta gyara kunya. Kaso mafi tsoka ya kamata ya shiga hannun mai shiga laka ya yi dashe, domin aikinsa ake biyan kuɗi a zo kallo.