Daga Boɗinga zuwa Shagari: Wa Zai Koyar da Zaman Iyali?

 Jama'a masu sauraro, yau mun kama hanyar da ta fita daga birnin Sakkwato ta nufi Jega. Za mu yada zango a Boɗinga, in lokaci ya bar mu kuma mu ƙarasa Shagari. Tambayar da ta fito da mu ita ce: shin zaman iyali ilimi ne da mutum zai duƙufa a kansa, ya yi digiri, ya yi bincike, har a kira shi farfesa? Na san akwai wanda ya riga ya yi dariya yana cewa, to, aure da renon 'ya'ya ma sai an je jami'a? Malam, ka ɗan saurara tukuna.

A gefen Boɗinga akwai Sifawa. Nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan ya baro Gwandu, yana karantarwa yana rubuce-rubuce, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya zauna, tafiyar ƙafa ce tsakaninsu. To, a kan Malam Abdullahi nake so mu daɗe, domin akwai wani labari nasa da ba na gajiya da shi.

Tun kafin jihadi, wajen shekarar 1786, Shehu na yawon wa'azi a ƙasar Zamfara. Jama'a na tururuwa, maza da mata. Sai wani malami mutumin Barno, ana ce masa Mustafa Gwani, ya aiko wa Shehu da baitoci, yana yaba masa, yana kuma ba shi shawara ya hana mata zuwa wurin wa'azinsa. Shehu bai amsa da kansa ba. Ya juya ga ƙanensa ya ce shi ya fi cancanta ya mayar da martani. A lokacin nan Abdullahi bai fi shekara ashirin da haihuwa ba. Ku duba fa, saurayi ɗan shekara ashirin aka miƙa wa alƙalami ya amsa wa gwani. Ya kuwa amsa, a waƙe, cikin ladabi, ba zagi ba cin fuska. Abin da ya nuna masa shi ne, da farko su ba sa cakuɗa maza da mata, sa'annan barin mata cikin jahilci ɓarna ce da ta fi wadda ake gudu. Shi Malam Abdullahi da kansa ya kawo wannan labari a littafinsa Tazyinul Waraƙat.

Shehu ma bai yi shiru a kan wannan batu ba. A Nurul Albab ya yi kaca-kaca da malaman da ke tara ɗalibai a zaure, amma matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida ba su san hukuncin alwala ba. Ya kuma bayyana cewa girki da wanki da makamantansu ba farilla ba ne a wuyan mace, alheri ne take yi. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Wadda ta mayar da wannan ra'ayi ya zama tsari ita ce 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a Ɗagel a 1793, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Ita ta kafa 'Yan Taru. Yadda abin yake, matar da ke tsakiyar haihuwa da reno ba ta iya barin ɗakinta ta yi tafiyar kwanaki zuwa wurin malama. Sai Nana ta zaɓi dattijai mata masu natsuwa daga ƙauyuka, ta naɗa kowace jaji. Naɗi ne na gaske: a ɗora mata malfa, a zagaye malfar da jan rawani. Masu bincike sun nuna cewa irin wannan malfa a da Innar Gobir aka sani da ita, shugabar 'yan bori. Nana ta ɗauko ta ta ɗora a kan malama. Jaji ta taso daga ƙauye da ayarinta, tsofaffi da 'yan mata ƙanana, suna ɗauke da sadakar matan da suka rage a gida, wannan hatsi, wannan zuma, wannan zare ko man shanu. Su zo su hardace waƙoƙi na Hausa da Fulatanci, kayan kuwa a raba wa mabukata. Su koma gida, jaji ta bi ɗaki ɗaki tana biya wa matan aure abin da ta ɗauko. A cikin karatun akwai tauhidi da ibada, akwai kuma ladubban zama da mutane, da haƙuri, da kula da mara lafiya. Bayan rasuwar Nana a 1864 ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon tsarin. Jama'a, in ba a kira wannan ilimin zaman iyali ba, me za a kira shi?

Yanzu bari in ruga da ku ta ɓangaren boko, ba zan daɗe ba. A Amurka fannin ya samu ƙungiyarsa ta masana a 1938, daga 1985 kuma suka fara ba da takardar shaidar ƙwarewa ga mai koyar da zaman iyali. A nan Arewa ta makarantun 'yan mata na Turawan mulki ya shigo, inda aka fi ba da ƙarfi ga girki da ɗinki da wanki da guga. Kun ga inda gizo ke saƙa. Abin da Shehu ya ce ba shi ne wajibin mace ba, shi Bature ya mayar kusan dukan karatunta. Tabon nan har yau bai goge ba. Yarinya ta ce za ta karanta ilimin tattalin gida, sai ka ji wani kawunta ya ce, girkin da uwarki ta iya kyauta shi za mu biya wa kuɗin makaranta? Namiji kuwa in ya shiga sashen, abokai sun samu abin tsokana ke nan.

Alhali ku dubi abin da ke cikin fannin. Akwai girman yaro tun daga goyo har balaga, akwai abinci mai gina jiki, akwai tsara kuɗin shiga da na cefane, akwai zamantakewar ma'aurata. Ku shiga asibitin sha-ka-tafi ranar awon yara. Ma'aikaciya za ta ɗauko wani ɗan siririn ma'auni mai launi uku, kore da rawaya da ja, ta zagaya shi a damtsen yaro. In ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. Uwa na zaune ta zuba tagumi, ga shi kuma watakila akwai gero da wake da gyaɗa a rumbun gidan. Me ya hana su isa cikin yaron? Wa ke riƙe da mabuɗin rumbu? Yaushe aka yaye shi, kuma don me? Likita zai ba da magani, amma waɗannan tambayoyi na masanin iyali ne.

Ko ku ɗauki jego. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai wuta. Al'ada ce ta kakanni, da niyyar alheri ake yin ta. Wa zai zauna da kakar jariri ya fahimtar da ita ba tare da ta ji an raina ta ba? Sai wanda ya san littafi ya kuma san tsakar gida. Haka yaji da biko, haka zaman kishiyoyi, haka ƙarar ciyarwa da ke cika kotunan shari'a, haka halin da 'ya'ya ke shiga in aure ya mutu. Littafin da aka rubuta kan iyalin Amurka, miji ɗaya mata ɗaya 'ya'ya biyu, ba zai warware rikicin gidan gandu ba.

A ganina shi ya sa duk lokacin da aka kawo manhaja daga sama ake kai ruwa rana. Wadda gwamnatin tarayya ta fitar a 2003 kan zaman iyali da cutar ƙanjamau ta sha suka, a 2022 kuma ministan ilimi Malam Adamu Adamu ya ba da umurnin cire darussan jima'i daga manhajar ƙananan makarantu. Iyaye na da hujjarsu. Amma gurbin fa yana nan, yara kuma na cike shi da wayar hannu.

Ana nuna mini agogo, bari mu ƙarasa Shagari. Kafin Alhaji Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa a 1979, malamin makaranta ne: ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu. A 1978 ya fitar da littafi kan shugabancin Shehu Usmanu tare da wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, ita ma malamar makaranta. Wannan mata ita ce ta zauna gaban Waziri Junaidu, ɗaya daga zuriyar Nana, ta yi shekaru tana nazarin takardun Nana Asma'u, ta buga tarihinta a 1989. Yawancin abin da na gaya muku kan malfa da jaji ta hannunta duniya ta san shi. Mun gode mata. Sai dai ya kamata a ce 'ya'yan Boɗinga da Shagari da Yabo ne ke ɗora wa wannan aiki.

Hanyar kuwa a buɗe take. A fara da takardar NCE ta shekara uku a kwalejin ilimi ko a wuce digiri kai tsaye, a yi na biyu da na uku, a kama koyarwa daga ƙaramin malami zuwa babba har farfesa, ana bincike ana wallafawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana koyar da ilimin tattalin gida.

Iyaye, in 'yarku ko ɗanku ya ce wannan fanni yake so, kada ku kashe masa gwiwa, ku sa masa albarka.