Me Ya Sa Masana Taurari Ke Son Kafa Eriya A Bayan Wata?



Wa ya tuna rediyon baba mai gajeren zango? Ana zaune a Kano, sai ga BBC Hausa daga Landan ko DW daga Jamus. Ta yaya muryar ke isowa? Can sama, daga kusan kilomita 60 zuwa gaba, akwai wani rufi na iska mai ɗauke da cajin lantarki, sunansa ayanosfiya. Siginar rediyo na dukansa ta dawo ƙasa, kamar ƙwallo da bango.

To ga matsalar. Rufin da ke dawo mana da sigina, shi ne kuma ke tare wadda ke zuwa daga taurari. Abin da ya gaza kamar megahaz 10, da wuya ya ratso. Ga kuma hayaniyar tashoshinmu ta cika ko'ina.

Shi ya sa aka fita waje. A 1973 hukumar NASA ta Amurka ta harba kumbon RAE-2 ya riƙa zagaya wata. Duk lokacin da ya shiga bayan wata, sai hayaniyar duniya ta ɗauke. Dalili? Wata fuska ɗaya yake nuna mana kullum, bayansa bai taɓa kallon duniya ba. A Janairun 2019 kumbon Chang'e 4 na ƙasar Sin ya zama na farko da ya sauka can, ɗauke da na'urar sauraron irin wannan sigina.

Me ake nema? Kafin tauraron farko ya haska, an yi wani zamani na duhu, iskar haidirojin ce ta fi yawa. Ita kuwa tana fitar da sigina mai tsawon santimita 21. Faɗaɗar sararin samaniya cikin shekaru sama da biliyan 13 ta miƙar da ita har ta kai mitoci da yawa, ta faɗo ƙasa da megahaz 50. Babu tauraro balle madubin hange ya ga haske, sai dai a saurara.

Amma fa akwai fargaba. Ƙasashe da kamfanoni na rige-rigen zuwa wata, kowane kumbo da nasa rediyon. In ba a kiyaye ba, shirun da ake nema zai ɓace kafin a gama sauraro.

Ku fa, me kuke gani? A ware bayan wata don bincike, ko kowa ya shiga? Ku ajiye ra'ayinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.