Josiah Wedgwood: Wakilin Majalisar Ingila da Dokar Ƙasa ta Nijeriya ta Arewa

Ba kasafai sunan Josiah Wedgwood yake fitowa ba idan ana ba da tarihin mulkin Turawa a Nijeriya ta Arewa. Shi ba Gwamna ba ne, ba Razdan ba, ba ya kuwa cikin hafsoshin da suka ci Kano da Sakkwato. Wakili ne a Majalisar Dokokin Ingila, wanda ya riƙe kujerar wani gari mai suna Newcastle-under-Lyme har shekara 36. Amma duk da haka yana cikin waɗanda suka aza harsashin ƙa'idar da ake bi har yau wajen riƙon fili a Nijeriya, watau cewa ƙasa tana hannun Gwamna, mutum kuwa iznin zama da mora kaɗai yake da shi.

An haife shi cikin shekarar 1872 a Barlaston ta lardin Staffordshire, ƙasar masu ginin tangaran. Kakan kakansa, wanda aka sa masa sunansa, shi ya kafa shahararren kamfanin tangaran na Wedgwood, shi ne kuma ya ƙera lambar nan mai siffar bawa a durƙushe cikin sarƙa a 1787, wadda ta zama alamar masu yaƙi da cinikin bayi. Shi wannan Josiah bai bi sana'ar gidansu ba, sai ya koyi ƙirar jiragen ruwa. Ya tafi yaƙin Turawan Ingila da Buwa a Afirka ta Kudu, da aka gama kuma aka naɗa shi majistare a gundumar Ermelo, daga 1902 zuwa 1904.

Abin da ya juya masa tunani shi ne littafin wani Ba'amurke, Henry George, mai suna Progress and Poverty, wanda ya fito a 1879. Hujjar George ba ta da wuyar ganewa. Ba wanda ya halicci ƙasa da hannunsa. Idan darajar fili ta hau, ba ƙoƙarin mai filin ne ya hau da ita ba, jama'a ce ta ƙaru, aka yi hanya, kasuwa ta ci. Saboda haka ƙarin nan haƙƙin jama'a ne, ya kamata hukuma ta karɓe shi a matsayin haraji, ta ƙyale wa mutum abin da guminsa ya samar. A Ingila ta wancan zamani, inda 'yan tsirarun gidajen sarauta suka mallaki yawancin ƙasa suna karɓar haya wurin manoma, wannan magana daidai take da tsokanar gidan rina.

Da wannan aƙida Wedgwood ya shiga Majalisa a zaɓen 1906, ƙarƙashin Jam'iyyar Libaral, ta masu sassaucin ra'ayi, wadda ta yi gagarumin rinjaye a shekaran nan. A 1909 Ministan Kuɗi, Lloyd George, ya sa harajin darajar ƙasa cikin kasafinsa. Majalisar Iyayengiji, wadda manyan masu ƙasa suka cika, ta ƙi amincewa, aka yi ta ja-in-ja har aka rage mata iko da dokar 1911. Harajin kansa bai yi ƙarko ba: kuɗin da ya kawo kaɗan ne, aka soke shi a 1920.

To, abin da ya faskara a Ingila shi aka samu sararin gwadawa a Nijeriya ta Arewa. Bayan cin Sakkwato a 1903 Lugard ya shelanta cewa ikon da sarakuna suke da shi a kan ƙasa ya koma hannun Turawa. Amma mene ne wannan iko? Sarki mai ƙasa ne ko mai riƙon amana? Manomi yana iya sayar da gonarsa? Kamfani yana iya saye? Sir Percy Girouard, wanda ya gaji Lugard a 1907, ya ga hatsarin barin tambayoyin nan a buɗe, musamman da yake ana shirin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, darajar filaye kuwa za ta tashi. Sai aka kafa kwamiti a Landan cikin 1908, Wedgwood yana ciki, tare da Charles Temple, wani Razdan da shi ma ya sha daga ƙoramar Henry George.

Kwamitin ya tsaya a kan cewa al'adar mutanen Arewa ba ta san mutum ya mallaki ƙasa mallaka ta har abada ba. Daga shawararsa aka yi dokar 1910, wadda ta ce dukan ƙasar Arewa, da wadda ake nomawa da daji, ta 'yan ƙasa ce, amma tana ƙarƙashin ikon Gwamna, shi zai sarrafa ta domin amfaninsu. Baƙo ba ya saye, sai dai ya karɓi iznin zama, ya biya haya wadda za a riƙa sake dubawa lokaci lokaci.

Alherin dokar a fili yake. A Kenya da Rodeshiya Turawa 'yan kama-wuri-zauna sun ƙwace ƙasa mai albarka sun mai da masu ita leburori. A Arewa manomi ya ci gaba da noma gandunsa da gayaunarsa, shi ya sa da jirgi ya iso Kano dalar gyaɗar da ta tashi ta ƙananan manoma ce, ba ta gonakin kamfani ba. Amma fa akwai abin dubawa. Babu Bahaushe ko Bafillace ko Babarbare ko ɗaya a cikin kwamitin. Maganar cewa ba a san mallaka ba kuwa ta fi dacewa da littafin George bisa ga abin da ke ƙasa, domin a karkarar Kano an san gadon gona, da aro, da jingina, har da sayarwa, malaman jihadi ma, irin su Abdullahi ɗan Fodiyo, sun yi rubutu a kan hukuncin ƙasa da rayar da ita. Da aka kafa wani kwamitin a 1912, da Wedgwood a ciki, don a duba ko za a kai irin wannan tsari sauran ƙasashen Ingila na Afirka ta Yamma, lauyoyi da sarakunan Ikko da na Gwalkwas suka tashi tsaye, suka ce ƙwace ne aka yi wa ado. Yaƙin 1914 ya zo, maganar ta shiririce. A Arewa kuwa ƙa'idar ta zarce cikin dokar 1916 da ta 1962, har gwamnatin Janar Obasanjo ta shimfiɗa irinta a kan Nijeriya duka a 1978.

Abin mamaki shi ne mutumin da ya taimaka aka damƙa ƙasa sukutum a hannun Gwamna, a gida ba wanda ya kai shi tsoron ikon hukuma. A 1913 aka kawo shirin dokar da za ta ba da damar tsare waɗanda aka ce suna da raunin hankali, ko da ba su yi laifi ba. Kusan Majalisa duka ta goyi baya, har da jam'iyyarsa. Wedgwood ya tsaya kusan shi kaɗai, ya kawo gyare-gyare fiye da ɗari, ya yi ta jawabi dare da rana, yana cewa da wannan doka za a kulle talaka a kan ra'ayin likita kawai. An kayar da shi, dokar ta wuce.

A Yaƙin Duniya na Farko ya yi faɗa a Gallipoli ta ƙasar Turkiyya a 1915, aka yi masa rauni, aka ba shi lambar jaruntaka. A 1919 ya bar Libaral, wadda ta riga ta dare biyu, ya koma Jam'iyyar Leba, mutanen mazaɓarsa kuwa suka bi shi. Ya samu ƙaramin muƙami a gwamnatin Leba ta farko a 1924, ba a sake ba shi wani ba, domin ba ya jin linzami. Ya goyi bayan 'yancin Indiya tun ana ganin abin wauta ne. Ya kuma goyi bayan kafa ƙasar Yahudawa a Falasɗinu da zafi ƙwarai, a nan kuwa mai kare manomin Kano bai ba kukan manomin Balarabe irin wannan kunne ba. Yana cikin na farko da suka yi kashedi game da Hitler, ya yi ɗawainiyar 'yan gudun hijira daga Jamus. A 1942 Churchill ya sa aka ɗaga shi zuwa Majalisar Iyayengiji, wadda ya yi ƙuruciyarsa yana yaƙa. Ya mutu a Landan cikin watan Yuli na 1943, yana da shekara 71.