Wa Ya Ce Mace Ba Ta Gadon Gona?

Duk shekara idan kaka ta yi aka fara kai amfanin gona gida, sai wannan ƙorafi ya sake tasowa. Uba ya rasu da daɗewa, ya bar gonaki da gida, 'ya'yansa maza suna nomawa suna cika rumbu, 'ya'ya mata kuwa sai dai a aika musu da 'yan tiyoyin gero a ce ga na kunu. Ranar da ɗaya ta yi ƙarfin hali ta tambayi rabonta, amsar a shirye take: "A gidanmu mace ba ta gadon gona." Wallahi na gaji da jin wannan magana, musamman daga bakin mutanen da sahun farko ba ya wuce su a masallaci.

Hukuncin dai ba ɓoyayye ba ne. Yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 7 da ta 11 da ta 12 da ta 176. 'Ya ɗaya tilo tana da rabin dukiya, biyu ko fiye suna da kashi biyu cikin uku, idan kuma akwai 'ya'ya maza, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Matar mamaci tana da tumunin takaba, wato ɗaya cikin takwas, idan ya bar ɗa ko 'ya, in bai bari ba ta ɗauki rubu'i. Babu inda aka ware gona ko gida ko shanu aka ce waɗannan na maza ne. Aya ta 7 ma ta fayyace cewa rabon mace ya tabbata ko dukiyar kaɗan ce ko mai yawa.

Malaman tafsiri suna kawo labarin Sa'adu ɗan Rabi'u, sahabin da ya yi shahada a yaƙin Uhudu ya bar 'ya'ya mata biyu. Baffansu ya kwashe dukiyar duka, bisa al'adar Larabawa ta cewa wanda ba ya hawan doki ya ɗauki takobi ba ya cin gado. Uwarsu ta kai kuka wurin Manzon Allah (SAW), hukunci ya sauka, aka umarci baffan ya ba yaran kashi biyu cikin uku, ya ba uwarsu tumuni, ya riƙe abin da ya rage. Ke nan abin da wasu ke tinƙaho da shi yau da sunan al'adar gidansu, shi ne ainihin abin da ayar ta zo ta rushe.

Hujjar da aka fi kafawa ita ce wai idan mace ta ci gona, gonar ta bar gida ta koma hannun bare, tunda mijinta ne zai mallake. Wannan magana ba ta da tushe ko kaɗan. A shari'a dukiyar mace tata ce, aure ba ya mayar da ita ta miji. Ta ga dama ta ba shi aro ya noma, ta ga dama ta ba da haya, ta ga dama ta sayar. Kuma waɗanda ake kira bare ɗin su wane ne? 'Ya'yanta ne, jikokin mai gonar, jininsa kamar yadda 'ya'yan Yaya babba suke jininsa. Abin mamaki, shi Yayan da ke tsoron kada gona ta bar dangi, shi ne za ka ji ya yanka ta fuloti-fuloti ya sayar wa dillalai da zarar gari ya matso kusa, ya ƙara aure, ya sayi babur. A lokacin ba wanda ya tuna da kabarin kakanni.

Sai kuma masu cewa ai mu ke ɗaukar nauyinta, in aurenta ya mutu nan za ta dawo. To ai saboda irin wannan nauyi ne malamai suka ce an ninka wa namiji rabo. An ba ka biyu an ba ta ɗaya, ka haɗa ukun ka danne, sannan kana yi mata gorin tuwon dare? Mu ɗauka mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku, da gonar da ta kai naira miliyan 8 bayan an biya bashi. Matar tana da miliyan 1. Sauran miliyan 7 a kasa bakwai: kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1. Idan mazan nan biyu suka riƙe gonar su kaɗai, rabinta cur haƙƙin mata huɗu ne suke ci, kuma kowace damina ƙaruwa yake yi.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce "ai ta yafe". Ku dubi yadda ake samun yafewar. Ana zaman makoki, ido bai bushe ba, a kira ta ɗakin Inna, ga Baffa ga Kawu ga yayye sun zauna. Baffa ya gyara murya ya ce, "Ke dai mun san ki da zumunci, ba za ki raba kan 'yan'uwanki a kan ƙasa ba." Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, ta ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne, Baffa." Shi ke nan, an shafa fatiha. Ba ta san kadada nawa ba ce, ba ta san iyakarta ba, ta dai san in ta ce a'a ta zama marar kunya har abada. Malaman Malikiyya na ƙasashen Magrib sun daɗe da yin fatawa a kan irin wannan: inda al'ada ta zama ana hana mata gado, kyautar da 'yar'uwa ta yi wa 'yan'uwanta maza saboda kunya ko tsoron yanke zumunci ba ta inganta ba, tana da ikon dawowa ta karɓi abinta, magadanta ma haka.

Gaskiya ne ƙarancin ƙasar noma da talauci suna ƙara rura abin. Amma yunwa ba ta halatta gonar marainiya.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A 2014 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar Ukeje da Ukeje, ta soke al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, ta ce ta saɓa wa sashe na 42 na kundin tsarin mulki. Su sai da aka kai Abuja. Mu kuwa hukuncin yana cikin allon da muka wanke tun muna yara.

Abin yi a bayyane yake. A raba gado da wuri, da zarar an gama jana'iza, an biya bashi, an fitar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Sadakin da mamaci bai cika ba shi ma bashi ne, a ba matar kafin a fara rabo, kuma bai shafi tumuninta ba. Jinkiri shi ke haifar da rigima, domin idan magaji ya rasu kafin a raba, rabonsa ya koma kan nasa magadan, lissafi ya cakuɗe, shaidu su mutu. A kira malamin da ya san ilimin gado da gaske, ba kowane mai rawani ba. A taka gonar da ƙafa a gaban matan ko wakilan da su da kansu suka zaɓa, a auna, a kafa alamar iyaka, a rubuta, mai unguwa da shaidu su sa hannu, kowace ta riƙe kwafinta. In gonar ta yi ƙanƙanta ba ta rabuwa, a yi mata kuɗi da farashin yau, wanda zai riƙe ya biya sauran. In mace na son yin kyauta, a bari sai rabonta ya shiga hannunta ta san abin da ta mallaka, sannan ta bayar don ranta ya so.

Ke kuma 'yar'uwa, neman haƙƙinki ba rashin kunya ba ne. Fara da magana a cikin gida, ki sa dattijon da ake jin nauyinsa. In abin ya faskara, kotun shari'ar Musulunci tana karɓar ƙarar rabon gado, kuma kina iya shigar da ita da kanki ko ta hannun wakili. Ki tafi da sunayen magada duka, da jerin abin da mamaci ya bari, da mutum biyu daga maƙwabtan gonar waɗanda suka san iyakarta.