Kuɗin Gwamnati a Hannun Ɗan Kasuwa: Ina Rabon Naƙasassun Zangon Kumasi?

A shekarar 2006 majalisar dokokin Gana ta zartar da Dokar Naƙasassu mai lamba 715. Cikin alkawuran da dokar ta ɗauka akwai magani kyauta, da aikin gyaran gaɓoɓi, da kayan taimako ga wanda naƙasarsa ta yi tsanani. Shekara uku kafin nan, a 2003, an kafa inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, domin a raba talaka da tsohon tsarin nan na sai ka biya kafin likita ya dube ka. Amma duk wanda ya karanta jerin abubuwan da inshorar ta ce ba ruwanta da su, zai tarar da ƙafar roba, da na'urar ji, da tabarau, da kayan tallafar ƙashi. Abin da doka ɗaya ta yi alkawari, ɗayar ta tsame hannunta daga biyansa. A wannan giɓin ɗan kasuwa ya kafa rumfa, kuma a nan ɗan abin da dangi suka tara wa gurgu ko kurma a unguwannin Aboabo, Sawaba da Asawase yake ƙarewa.

Ba mutane kaɗan ake magana a kansu ba. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na 'yan ƙasar masu shekara 5 zuwa sama, wato sama da mutum miliyan 2, suna fama da wata matsala ta gani, ji, tafiya, tunani ko kula da kai. Su ma suna zuba nasu a asusun inshorar, domin harajin kashi 2.5 cikin ɗari da ke ciyar da shi yana cikin farashin kaya da hidimomi. Makahon da ya sayi katin waya a bakin titin Aboabo ya biya rabonsa.

Ta ƙofa biyu kuɗin jama'a suke shiga aljihun masu neman riba da sunan naƙasassu. Ta farko ita ce katin inshora. Hukumar inshorar tana amince wa asibitocin kuɗi, da gidajen haihuwa, da shagunan magani su duba mai kati, daga baya su kai mata lissafi. Gaskiya ita ce waɗannan ƙananan asibitoci sun yi wa Zango rana. Wanda ya taɓa ganin yadda ake fito da dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye daga cikin lungu, samari biyu sun tallabe shi ta hammata, na uku yana ɗaga ƙafar da ke jan ƙasa, ana tsallake kwata da shi har bakin titi inda keken pragya ke jira, ya san darajar asibitin da ke bayan gida. Zuwa asibitin Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, yini ne guda, ga kuɗin mota, ga layi, ga wanda zai bar sana'arsa ya yi rakiya. Mai asibitin unguwa kuwa ya san gidan, sau da yawa yana jin Hausa, wani lokaci har ya ɗaga ƙafa zuwa ƙarshen wata.

To amma shi ma albashi yake biya, magani kuma saye yake yi. An sha yin watanni hukumar inshora ba ta biya bashin da asibitoci ke bin ta ba, kuma ƙungiyoyin masu asibitocin kuɗi sun sha barazanar daina karɓar kati. Kafin a kai ga haka, abin da majinyaci ke ji a gaban tagar magani shi ne: "Wannan ba ya cikin inshora," ko "Sai kin ɗan cika." Hukumar ta haramta wannan cikon, amma bai daina faruwa ba. Mai zazzaɓi sau ɗaya zai cika ya wuce abinsa. Uwar yaro mai farfaɗiya, ko matar da ke kai mijinta gashi duk mako, ita ce ke cikawa har ta gaji ta koma wajen mai ɗori ko mai saiwa.

Mutanen Asante sun fi kowa sanin cewa yadda gwamnati ke biya shi ke tsara halin mai asibiti. A nan aka fara gwajin biyan kuɗi bisa kan mutum a 2012: kowane mai kati ya zaɓi asibiti ɗaya, hukuma ta riƙa ba asibitin wani ƙayyadadden kuɗi duk wata, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. A irin wannan lissafin, lafiyayyen da ba ya zuwa riba ne, naƙasasshen da ke zuwa kullum kuwa asara ce. An yi ta ƙorafi har aka dakatar da tsarin a 2017.

Ƙofa ta biyu ba a cika maganarta ba, ita ce kason naƙasassu daga asusun da ake raba wa majalisun gundumomi. Da kashi 2 cikin ɗari ne, aka ɗaga shi zuwa kashi 3. Daga baya aka karkata daga ba da tsabar kuɗi zuwa sayen kayan sana'a, bisa hujjar cewa kuɗi a hannu ba sa daɗewa. Kowa ya san yadda ranar rabo take a gundumomi da yawa: an kafa rumfuna, an jera firinji cikin kwalaye, ga kekunan ɗinki, ga injinan niƙa, ana kiran suna ana ɗaukar hoto. Duk waɗannan kaya wani ɗan kwangila ne ya kawo su, ya kuma ci ribarsa, wadda halal ce idan farashin na gaskiya ne. Tambayar da ba a yi ita ce nawa aka saya, wa ya kawo, kuma wa ya tambayi matar da aka ba firinjin ko tana da inda za ta jona shi. A gidan haya na Zango, inda ɗakuna da yawa ke kan mita ɗaya, firinji kan zama sanadin faɗa da maƙwabta, ƙarshenta a sayar da shi da araha. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa cif, ita kuwa wataƙila keken guragu take buƙata tun farko.

Kada a ɗauka wannan matsalar ƙasashe matalauta ce. A Ingila, a 2011, wani shirin BBC ya tona yadda ake azabtar da masu naƙasar ƙwaƙwalwa a Winterbourne View, kusa da Bristol, gidan jinya na kamfanin Castlebeck da gwamnati ke biya kimanin fam 3,500 duk mako kan kowane majinyaci. An rufe gidan, kotu ta hukunta ma'aikata 11. Kuɗi ba su yi ƙaranci a can ba. Ido ne babu, kuma waɗanda ake cuta ba su da bakin kai ƙara.

A Gana, babban nauyin ƙera ƙafar roba da takalmin gyara ya daɗe a wuyan mishan, musamman cibiyar 'yan Katolika ta Nsawam da aka kafa a 1961. Gwamnati na da nata cibiyoyin naƙasassu, kamar makarantar kurame ta Jamasi da makarantar Garden City da ke nan Asokore Mampong, amma ba su isa ba. A nan dole mu kalli kanmu. Mun gaji al'adar da ta naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, muna fitar da zakka, muna ba da sadaka a ƙofar masallaci kowace Juma'a. Har yanzu dai taimakon namu na hannu da hannu ne, bai zama wakafin da zai riƙe ɗakin gashi ko shagon gyaran keken guragu ba, alhali a garin da ke da maƙeran Suame ba a rasa masu iya aikin.

Ba na cikin masu cewa a kori 'yan kasuwa daga wannan fage, domin in an kore su yau babu wanda zai maye gurbinsu gobe. Abin da nake gani shi ne gwamnati ta zama mai saye da ido buɗe. Ta sa kayan taimako cikin abin da inshora ke biya, da farashi sananne, yadda Doka 715 za ta daina zama alkawari a takarda. Ta riƙa biyan asibitoci a kan lokaci, sannan ta sami bakin janye amincewarta daga wanda aka kama yana karɓar ciko. Hukumar HeFRA, wadda dokar 2011 ta ɗora wa ba asibitoci lasisi, ta duba ko keken guragu na iya shiga ƙofa da banɗaki kafin ta sabunta takardar kowa, tunda wa'adin shekara 10 da aka ba gine-ginen jama'a su gyara ya cika tun 2016.

Ga 'yan majalisar unguwanninmu, da limamai, da fadar Sarkin Zango: kafin rabo na gaba, ku nemi a manna sunan ɗan kwangila da farashin kowane kaya a allon sanarwa, kuma ku tabbata naƙasassun Zango da kansu suna zaune a kwamitin da ke yanke abin da za a saya.