Haƙƙin Mai Tafiya a Ƙasa Idan Mota ta Buge Shi a Hanyar Jibiya

Hanyar da ta tashi daga Katsina ta ratsa Jibiya da Magama, ta tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa har Maraɗi, hanya ce ta tireloli da motocin haya da babura, amma kuma ita ce mutanen Riko da sauran ƙauyukan ƙaramar hukumar Jibiya ke tsallakawa a ƙasa zuwa gona da kasuwa. Idan mota ta buge mutum a nan, akasari 'yan'uwansa da shugabannin direbobi kan zauna a yi sulhu, a biya kuɗin maganin kwanakin farko, a ce ƙaddara ce, a saki mota. Yafiya abar yabo ce, sai dai da yawa daga cikin masu yafewar ba su san girman abin da suka yafe ba, ba su kuma san cewa a mafi yawan lokaci ba daga aljihun direba diyyar za ta fito ba.

Haƙƙi na farko shi ne magani, domin sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, kuma lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kyauta ake kiranta. Daga wannan lokaci hujja take fara taruwa ko ta salwanta: lambar motar, sunayen waɗanda suka gani, rahoton 'yan sanda mai ɗauke da zanen wurin da abin ya faru, rahoton likita, da kowane rasit na magani. A nan ne al'adar sace majinyaci daga asibiti a kai shi wurin mai ɗori take cutar da shi ta fuskar shari'a, ko da ɗorin ya yi kyau, saboda mai ɗori ba ya ba da rasit, ba ya rubuta irin karayar, alhali kotu ba ta mayar wa mutum kuɗin da ya kashe sai ya lissafa su dalla-dalla ya tabbatar da su.

Shari'a iri biyu ce ke iya biyo bayan haɗari, kuma ana yawan cakuɗa su. Ta laifi, wadda hukuma ke gurfanar da direba kan tuƙin ganganci, hukunta shi take nufi da tara ko ɗauri. Ta neman diyya kuwa wanda aka ji wa rauni ne ke shigar da ita, ko kuma, in ya rasu, iyalan da yake ciyarwa, inda za a nuna cewa direba ya yi sakaci, wato ya gaza yin hattarar da ake tsammani daga direba mai hankali, kuma sakacin ne ya jawo raunin. Ana iya haɗawa da mai motar idan direban yaronsa ne kuma yana kan aikinsa. In an samu cewa mai tafiyar shi ma ya yi nasa sakacin, kamar ya faɗo titi ba tare da ya duba ba, rage masa diyyar ake yi gwargwadon laifinsa, ba a hana shi gaba ɗaya.

Inshorar ɓangare na uku ita ce ƙofar da aka fi mantawa da ita. Ɓangare na ukun shi ne duk wanda motar ta cutar, wanda ba mai motar ba ne ba kuma kamfanin inshora ba, kuma tun dokar 1945 aka wajabta wa kowace mota wannan inshora. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta mai da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, tare da biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, bayan abin da ya shafi rauni da rai. Matsalar ita ce takardun bogi da ake saye don kauce wa 'yan sanda kawai, shi ya sa ya kamata a duba lambar motar a rumbun bayanan inshora na ƙasa da ke intanet kafin a sa hannu a kowace takardar sulhu. Wanda ya rubuta cewa ya karɓi abin da aka ba shi a matsayin biyan ƙarshe, ya yafe wa kamfanin da aka biya kuɗi don irin wannan rana, ba direba kaɗai ba. Idan motar ta ƙetare ce, takardar da ake nema ita ce katin inshora mai ruwan ƙasa da ECOWAS ta kafa a 1982 don biyan waɗanda motocin baƙi suka cutar, kuma wajibi ne a ɗauki hotonsa da na lasisin direba kafin motar ta koma tsallaken iyaka, inda sammacin kotun Katsina ba ya isa cikin sauƙi.

Musulmi na da zaɓin kotun shari'ar Musulunci, wadda ke aiki a Jihar Katsina bisa mazhabar Malikiyya. A fiƙihu kisan kuskure yana da cikakkiyar diyya ta raƙuma 100 ko dinarin zinariya 1,000, hannu ɗaya ko ido ɗaya rabin diyya, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5, raunin da ba a ƙayyade ba kuma alƙali ne ke ƙiyasta shi. Karɓar diyya haƙƙi ne da addini ya tabbatar, kuma babba ba shi da ikon yafe rabon maraya.

Motar hukuma tana da nata hukuncin, kuma Jibiya ta ɗanɗana shi a watan Agustan 2021, lokacin da motar jami'an kwastam ta afka wa mutane a bakin titi ta kashe da dama, har gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi barazanar kai hukumar kotu. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara kan abin da jami'i ya aikata a bakin aikinsa, wa'adin da ke iya ƙarewa majinyaci na kwance, dangi kuma na jiran alkawarin biyan diyya. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke Katsina tun kafin wa'adin ya cika, domin dokarta ta 2011 ta sanya neman diyyar haɗari cikin ƙararrakin da take tsaya wa marasa hali.