Limamin Jami'ar Yale Da Ya Bar Kujerarsa Bayan Shekara 17

Hausawa na cewa sabo turken wawa. Ba kowane mutum ne zai shekara 17 a kan muƙami mai daraja, ga gida, ga albashi, ga girma a idon jama'a, sa'an nan wata rana ya miƙe ya ajiye shi ba tare da an kore shi ba, alhali kuwa bai riga ya sami wani aikin ba. Abin da William Sloane Coffin ya yi ke nan a ƙarshen shekarar 1975, lokacin da ya sauka daga matsayin limamin Kirista na Jami'ar Yale, ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in Amurka.

A irin waɗannan jami'o'i, limami shi ne mai jagorantar ibada a majami'ar makaranta, shi ne mai yi wa ɗalibai nasiha, gare shi kuma ake zuwa idan wani ya yi rashi ko ya shiga damuwa. Yawancin masu riƙe da wannan aiki ba a jin ɗuriyarsu a wajen harabar makaranta. Coffin kuwa duk ƙasar ta san shi.

Abin Da Ya Kai Shi Aikin Majami'a

An haife shi a birnin New York a 1924, a gidan masu hali. Tun yana yaro ya so ya zama makaɗin piyano, har ya je Paris neman wannan sani, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya sa ya shiga soja. Da yake ya iya harshen Rasha, sai aka sa shi cikin masu hulɗa da sojojin Tarayyar Sobiyet. A 1946, a wani sansani da ke Plattling cikin Jamus, yana cikin waɗanda suka miƙa wa hukumomin Sobiyet fursunonin yaƙi 'yan Rasha da ƙarfin tsiya, mutanen da suka san ɗauri ko kisa ke jiransu a gida. Ya san abin da ake shiryawa, bai gargaɗe su ba. Daga baya ya rubuta cewa wannan shiru da ya yi bai daina damunsa ba.

Bayan ya yi wa hukumar leƙen asiri ta CIA aiki daga 1950 zuwa 1953, sai ya koma karatun addini a Yale. An naɗa shi fasto a 1956, kuma a 1958 jami'ar ta ba shi limancinta.

Zamansa A Yale

Bai ɗauki aikin nan na zaman ofis ba ne. A 1960 ya jagoranci wasu ɗalibai zuwa ƙasar Gini don aikin sa kai. A watan Mayu na 1961 ya bi sahun masu shiga motocin safa, baƙi da farare tare, suna ratsa jihohin kudancin Amurka don su karya dokokin wariyar launin fata, aka kama shi a garin Montgomery na Jihar Alabama.

Yaƙin Biyetnam ne ya ƙara fito da sunansa. A lokacin nan gwamnati na tilasta wa samari shiga soja, yawancin ɗalibansa kuwa sun kai shekarun da za a kira su. A watan Oktoba na 1967 shi da abokansa suka tattara katunan kiran soja kusan 1,000 da samari suka ƙi riƙewa, suka kai wa Ma'aikatar Shari'a a Washington. Shugaban jami'ar, Kingman Brewster, ya soki salonsa a bainar jama'a, amma bai raba shi da aikinsa ba. A 1968 aka gurfanar da shi tare da shahararren likitan yara Benjamin Spock da wasu mutum uku, aka yanke masa ɗaurin shekara 2. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1969.

Lokacin Tafiya

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. An daina tilasta shiga soja a 1973, yaƙin kansa kuma ya ƙare a watan Afrilu na 1975. Ɗaliban da suka yi gwagwarmaya tare da shi sun gama karatu sun watse, waɗanda suka biyo baya kuwa hankalinsu ya fi karkata ga jarrabawa da neman abin yi. Coffin na da shekara 51. Da ya so, da ya zauna a kan kujerarsa har tsufa yana cin gajiyar sunan da ya yi. Sai ya zaɓi ya tafi.

Ya koma wani ƙauye mai suna Strafford a Jihar Vermont, inda ya zauna ba muƙami ba majami'a, ya rubuta tarihin rayuwarsa wanda aka buga a 1977. A shekarar nan ce Majami'ar Riverside ta New York ta kira shi ya zama babban limaminta. Wannan ita ce majami'ar da Martin Luther King ya tsaya a cikinta ranar 4 ga Afrilu, 1967, ya la'anci yaƙin Biyetnam.

A nan aiki ya sake kama. Ɗalibi yakan yi shekara huɗu ya wuce, amma jama'ar Riverside mazauna ne, baƙi da farare, masu hali da talakawa, waɗanda zai ɗaura wa aure ya kuma binne matattunsu. Ya kafa wani shiri na yaƙi da tara makaman ƙare dangi, wanda ya taimaka wajen haɗa gagarumin taron da dubban ɗaruruwan mutane suka yi a New York ranar 12 ga Yuni, 1982. A Kirsimetin 1979 yana cikin limaman Amurka uku da aka bari suka shiga ofishin jakadancin ƙasarsu a Tehran, suka yi ibada da ma'aikatan da ake garkuwa da su. A 1983 ɗansa Alexander ya rasu a haɗarin mota. Huɗubar da ya yi bayan rasuwar, inda ya ƙi yarda a ɗora wa Ubangiji alhakin haɗarin, tana cikin waɗanda aka fi tunawa da shi a kansu.

Bayan shekara 10 sai ya sake ajiye aiki. A 1987, yana da shekara 63, ya bar Riverside ya karɓi shugabancin ƙungiyar SANE/Freeze mai neman a rage makaman nukiliya, ya riƙe ta har 1990.

Darasin Da Ke Ciki

Masu sukarsa sun ce ya cusa siyasa cikin ibada, masoyansa kuwa sun ce ya hana ibada ta zama al'ada kawai. Abin da duk ɓangarorin biyu suka gani shi ne, sau biyu yana barin kujerar da wasu ke mafarkin samu, tun mutane ba su gaji da shi ba. Mai jagorantar matasa yana cikin wani haɗari na musamman: su kullum sababbi ne, shi kuwa kullum tsufa yake yi, har wata rana ya wayi gari yana amsa tambayoyin da ba wanda ke yi masa. Coffin ya lura da wannan da wuri, ya bi aikin zuwa inda ya koma, ya bar wa wani kujerar.

Ya rasu a Strafford ranar 12 ga Afrilu, 2006, yana da shekara 81.